Gora Mai Layi Biyar

Duk wanda ya san Madu mai bandar kifi a Gashuwa ya san mutum ne da ba a shan wahalar faranta masa rai. Inuwar darbejiya kawai ta ishe shi hirar yini guda. In ya sayi sabuwar hula sai ya zagaya layinsu sau biyu, wai wani yake nema, alhali so yake a ce ta yi masa kyau. Ranar da kifin da ya ɗauko daga Dagona ya bandu ya yi ja bai ƙone ba, har waƙa yake yi da muryar nan tasa da ko awaki ba sa tsayawa saurare. Amma duk cikin abubuwan da ke sa shi murna babu kamar ruwan sanyi. In ya dawo daga gaban wutar banda, idonsa jajir don hayaƙi, matarsa Yagana za ta ɗebo masa daga randar da ta turara da kajiji, ya kafa kai, bai sauke kwanon ba sai ya ga ƙasansa. Sannan ya ja wani dogon numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi! Yagana, wallahi masu kuɗi ba su fi mu da komai ba."

Shekara ashirin da takwas tana jin wannan magana, kuma kullum amsarta ɗaya ce: "To Malam, sun fi mu mota dai."

Sai ga ciwo ya zo. Ƙafafu suka fara kumbura, abinci ya ƙi zama, fitsari ya yi ta raguwa. Ba sai an yi wa mutumin Gashuwa dogon bayani a kan ciwon ƙoda ba, don da wuya ka sami layin da bai yi zaman makoki saboda shi ba. Aka kai Madu asibiti a Nguru, aka ɗora shi a kan wankin ƙoda, Litinin da Alhamis. Likita ya hana gishiri, ya hana kanwa, Madu bai damu ba. Sai da likitan ya ɗauko gorar roba ta ruwan sha ya ajiye a kan tebur, ya ce wannan ita ce iyakar abin da zai shiga cikinsa daga safiya zuwa wata safiyar, har da kunu da miya da ruwan haɗiyar magani, sannan Madu ya yi dariya.

"Likita, wannan ai ta kurkure baki ce."

Likita bai yi dariyar ba. Ya juya wajen Yagana ya ce mata ƙodar ta daina fitar da ruwa, duk abin da ya sha ya wuce wannan gora a jikinsa zai tsaya, ya hau huhu, ya hana shi numfashi. "Mama, mu kwana biyu muke ganinsa a mako. Sauran kwana biyar ɗin, ransa bayan Allah yana hannunki."

Yagana ba ta yi boko ba, amma in ta riƙe magana ta riƙe ke nan. Suna komawa gida ta karɓi jan farcen 'yarsu Radiyya, ta ja wa gorar layi biyar, kowace salla da rabonta. Bayan asuba layi ɗaya, bayan azahar layi ɗaya, haka har isha. Randa kuwa ta sa aka mayar da ita ɗakin girki ta saya wa ƙofar kwaɗo. Radiyya a lokacin tana da cikin fari wata uku, sai Yagana ta sami abin riƙe shi da shi. Duk sanda ya fara marairaicewa sai ta ce, "Malam, wa zai yi wa jikanka huɗuba? So kake a ɗauko na aro?" Shi ke nan sai ya haƙura, yana murmushi, yana lissafin watanni da yatsu.

Sau ɗaya aka karya dokar, kuma ba da mugun nufi ba. Madu yana da yaya, Hamsatu, wadda ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tsohuwa ce mai zafi, wadda duk unguwa in mace ta rasu ita ake kira wanka, in mutum ya shiga gargara ita ke zama a kansa. Ranar wata Juma'a Yagana ta tafi barkar haihuwa, Ya Hamsatu ta zo da rubutu cike da galan, ta tsare ƙanenta ta ce ya sha da bisimilla. Madu kuwa, da ma abin nema ya samu, ya sha da bisimilla, ya ƙara da salati. Kafin la'asar, sanda Yagana ta dawo, numfashi ya gagara. Yana zaune dafe da gwiwa yana jan iska da ƙyar, ƙirjinsa na kurari kamar tukunyar da ta tafasa. Kalli maƙwabcinsu, direban da ke ɗaukar masa kifi zuwa kasuwar Nguru, shi ya kwashe su a guje. Aka ɗora shi a kan na'urar wankin ƙoda aka janye ruwan, kafin isha ya dawo yana tsokanar ma'aikata.

Tun daga ranar Yagana ta zama soja. Ba ta hana rubutu ba, ina ita ina hana ayar Allah, amma da kanta ta je wajen malamin ta roƙe shi ya riƙa wanke allon da ruwa cokali uku, kuma cokali ukun nan sai ta cire su daga layin la'asar. Ya Hamsatu ta yi fushi har ta daina amsa gaisuwarta mako biyu. Abin da take faɗa wa mutane shi ne, tun da take ba ta taɓa ganin matar da ke kulle wa mijinta ruwa da kwaɗo ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Wanda bai yi watan Afrilu a Gashuwa ba kada ya ce ya san zafi. Katanga zafi, tabarma zafi, iskar ma in ta kaɗo gara ba ta zo ba. Leɓen Madu ya tsage, harshensa ya yi fari. Yagana ta koyi dabaru: ta saya masa ƙanƙara ta fasa ƙanana ya riƙa tsotsa, ta yanka masa lemun tsami, ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a wuya. Shi ma ya koyi tasa dabarar. Mutumin da a da alwala ɗaya ke kai shi salla biyu, sai ga shi yana sabunta ta kowane lokaci, har da walaha da nafilolin da ba a san shi da su ba. Kuma in ya zo kurkure baki sai ya daɗe. Yagana ta gane. Ta koma tana tsugunawa a gabansa in zai yi alwala, idonta a kan maƙogwaronsa.

"Tofar, Malam."

"Sunna nake cikawa."

"Sau uku ne sunnar. Wannan na biyar ne. Tofar."

Sai ya tofar, ya dube ta da gefen ido ya ce, "Da gwamnati ta san ki, da ba a bar ki a gida ba." Ta yi dariya a gabansa. In ta shiga ɗakin girki kuwa, sai ta jingina da randar nan ta yi kukanta a hankali. Ita kanta ta daina shan ruwa a inda zai gani, don ta lura in tana sha idonsa ba ya barin wuyanta.

Abin mamaki, murnar Madu ba ta mutu ba, ƙanƙancewa ta yi kawai. Da an kira salla fuskarsa za ta washe, har Yagana ta ce ba ta san ko ladan yake so ko gora ba. Ba ya shanye rabonsa lokaci ɗaya. Sai ya zuba a murfin gorar, ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya lumshe ido, kafin ya haɗiye. Layi ɗaya yakan kai shi rabin awa. In ya gama kuma sai ya ce Alhamdu lillahi, da muryar da ta fi ta da ƙanƙanta amma ba ta fi ta rashin gaskiya ba.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen watan Yuni, da yamma. Gari ya yi duhu ta gabas, iska ta taso da ledoji, sai ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Mata suna ta fito da bokitai, ana ta kiran juna ta kan katanga ana barka. Yagana ta ruga kwashe shanya, tana juyowa sai ta ga Madu ya rarrafo daga rumfa ya zauna a tsakar gida, kansa a sama, bakinsa a buɗe, ruwa na zuba a fuskarsa da gemunsa. Dariya yake yi, kafaɗunsa na girgiza. Wata uku rabon da ta ji wannan dariyar. Ta tsaya da kayan shanya a hannu har suka jiƙe. Ta bar shi ya yi son ransa na ɗan lokaci, sannan ta kama shi ta mayar rumfa ta goge masa jiki. Da magariba ta yi, ta rage masa rabin layi. Ya dubi gorar, ya dube ta.

"Har na sama ma sai kin cire?"

"Duk ciki ɗaya suke zuwa, Malam."

Bai yi gardama ba. Ita ce ma ta kasa cin tuwo a ranar.

Daga tsakiyar damina jikinsa ya fara ja da baya. In an dawo daga Nguru sai ya yini kwance, tsokanar ma ta ragu. Yagana ta ƙara tsanani a kan gorar, don ita kaɗai ce abin da ke hannunta. Saura wata guda Radiyya ta haihu, kuma ta riga ta sa a ranta cewa ko a kafaɗa ne sai ta kai shi wannan ranar.

Wata Laraba da hantsi, ya sha rabonsa na asuba tun da wuri, Ya Hamsatu ta zo dubiya. Tana zaune a bakin katifa tana ba shi labarin wata rigimar gona a Katuzu, sai ta yi shiru a tsakiyar magana. Numfashin Madu ya sauya. Yana ja da ƙyar, ya tsaya, ya sake ja. Tsohuwar ta kai hannu ta taɓa tafin ƙafarsa, ta taɓa ɗayar, ta daɗe tana duban hancinsa da idonsa. Ta ga irin wannan ya fi sau hamsin.

"Ruwa," in ji Madu.

Hamsatu ta miƙe ba hayaniya, ta ɗauko cokali, ta kai hannu kan gorar. Kowa ya san abin da ake yi wa mutum in tafiya ta zo: a ɗaga kansa, a ɗiga masa ruwa a baki, a riƙa karanta masa kalmar shahada, don ba a barin Musulmi ya tafi da ƙishirwa. Yagana ta shigo daidai lokacin. Ta ga cokalin, ta ji numfashin, sai ranar galan ɗin rubutu ta faɗo mata. Wannan numfashi ai ta san shi. Ruwa ne ya hau huhu, na'ura ce maganinsa, awa ɗaya da rabi ne tsakaninsu da Nguru. Ta fizge gorar.

"Ya Hamsatu, me za ki yi?"

"Yagana, kawo. Lokaci ne."

"Wane lokaci? Haka ya yi wancan karon, ke ma kin gani, kuma ya tashi."

"Wancan daban, wannan daban. Taɓa ƙafarsa ki ji."

Yagana ba ta taɓa ba. Ta san in ta taɓa za ta ji abin da ba ta son ji, kuma in ta miƙa gorar nan ta yarda ke nan cewa mijinta mutuwa yake yi. Ta ce, "Sau ɗaya kika kusa kashe min shi, ba za a yi na biyu ba." Maganar ta fi ƙarfin abin da ta yi niyya, amma ta riga ta fita. Ta cusa gorar a jaka, ta fita ko mayafi ba ta gyara ba tana buga ƙofar Kalli.

Suka shimfiɗe shi a kujerar baya, kansa a cinyar Yagana. Hamsatu ta shiga gaba tana jan carbi. Mota ta kama hanyar Nguru. Damina ta yi kyau a bana, fadama ta cika ta batse, duk inda ka duba hagu da dama ruwa ne yana sheƙi, ga shinkafa kore shar, ga makiyaya sun tsaya shanunsu na sha. Madu ya buɗe ido bayan sun wuce Jajimaji.

"Yagana."

"Na'am, Malam. Mun kusa."

"Ɗan kaɗan."

Jakar tana jikin ƙafarta, tana jin sanyin gorar ta cikin yadi. Hannunta har ya kai kan zif. Sai ta ji ƙirjinsa ya sake yin wannan kurarin, ta janye hannun. Ta jiƙa bakin mayafinta da yawu ta goga masa a leɓe.

"Yi haƙuri, sai azahar. In an cire maka ruwan nan, wallahi layi biyu zan ba ka a haɗe."

Ya dube ta. Babu fushi a idonsa, ko kaɗan. Irin kallon nan ne da yake mata in ta kama shi a wajen alwala.

"To," ya ce.

Hamsatu ta juyo daga gaba ta fara karanta kalmar shahada a hankali, tana maimaitawa. Yagana ta so ta ce ta bari, sai ta dubi fuskarsa. Leɓen Madu yana motsi yana bi. Ba ta san daidai inda ya daina ba. Ita dai ta ji kansa ya ƙara nauyi a cinyarta, ta ci gaba da yi masa fifita da mayafi tana ce wa Kalli ya ƙara wuta, har suka shiga Nguru cikin hayaniyar keke da babura.

A asibiti ba a ma kai shi ɗakin na'ura ba. Likita ya duba shi a kan gadon turawa, ya ja zane ya rufe masa fuska. Saratu, ma'aikaciyar jinyar da ta saba ɗora shi a kan na'ura, wadda yake kira 'yar gidana, ta kama Yagana ta zaunar da ita a benci tana hawaye ita ma.

"Ruwa ne ya yi masa yawa?" Yagana ta tambaye ta. "Ban ƙara masa ko ɗigo ba, wallahi."

"Ba ruwa ba ne wannan karon, Mama. Zuciyarsa ce ta gaji. Ke kin yi iya yinki, duk cikin masu jinyarmu babu mai kiyayewa kamarki."

"Ya roƙe ni a hanya. Da na ba shi fa?"

"Da kin ba shi da ba ki ba shi ba, duk ɗaya ne, Mama. Ko kofi guda ya sha ba abin da zai canza."

Saratu lallashi take yi, Allah ya sani. Ba ta san abin da ta soka mata ba. Yagana ta ci gaba da zama, jakar a kan cinyarta, har aka kira azahar a masallacin asibitin.

Bayan la'asar aka kai shi makwancinsa a Gashuwa. Gida ya cika da mata, tabarmi har ƙofar zaure. Radiyya tana ɗaki da tsohon cikinta, an hana ta yawan kuka. Yagana na zaune a rumfa cikin hijabi, Hamsatu a gefenta, tun daga mota ba su haɗa ido ba. Mata suna shigowa layi layi, wushe, sannu da haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙansa, ita kuwa tana amsawa ba tare da ta san wa ke magana ba. Jira take Hamsatu ta buɗe baki. Ta san halin tsohuwar, ba ta ɓoye magana, kuma wannan karon tana da gaskiya. Yagana ma so take a faɗa, a faɗa a gaban kowa, ko ta ji sauƙin abin da ke cin ranta.

Can sai ga wata gyatuma daga Dagona, ƙanwar mahaifiyarsu Madu, ana riƙe da ita. Ta zauna daf da su, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta yi tambayar da tsofaffi ke yi, da ƙarfi irin na wanda kunnensa ya yi nauyi.

"Hamsatu, kina kansa ya cika?"

"Ina kansa, Iya."

"Ya samu shahada?"

"Ya samu."

"Madalla. An dai ba shi ruwa ko?"

Yagana ta buɗe baki. Sai ta ji hannun Hamsatu a kan gwiwarta, busasshen hannu mai ƙarfi, ya danne ta.

"An ba shi, Iya," in ji Hamsatu. "Matarsa ce ta ba shi da hannunta. Ya sha ya ƙoshi."

Gyatumar ta lalubo kan Yagana ta dafa. "Kin yi masa gatan ƙarshe, 'yar nan. Yadda kika shayar da shi, Allah ya shayar da ke ranar ƙishirwa."

Mata suka amsa gaba ɗaya. Hannun Hamsatu bai ɗaga daga gwiwarta ba. Gyatumar tana nan dafe da kanta, tana jiran ta amsa.

"Amin," in ji Yagana.